Agogon Sarjan Idrisa

Ranar Talata, cikin Yunin 1985, Sarjan Idrisa ya sha kunu da ƙarfe bakwai a gidan ubansa, Malam Bawa, malamin lissafi a Yamai. Shekararsa tara a soja, uku daga ciki yana rakiyar motocin hatsin agaji. Da ƙarfe takwas ya ƙara muryar rediyo, sannan ya ce, "Baba, buhunan ba sa isa inda aka aika su." Da tara ya ɗaura agogonsa ya fita.

Washegari hafsoshi biyu suka kawo gawarsa cikin likkafani, da akwatinsa. Suka ce ya nutse a kogi wajen barikin soja na Tondibiya, an riga an yi masa wanka, kada a buɗe.

A watan nan, saboda fari, yara ma da ƙafa suke tsallake kogin. Malam Bawa ya dubi hafsoshin, ya yi godiya.

Bayan sadakar bakwai ya ba wani maigadi a kasuwar Katako takalman Idrisa. Agogon kuwa, wanda Idrisa ke cirewa kafin alwala don ɗigon ruwa na tsayar da shi, ya zo cikin akwatin yana tafiya daidai. Shi ya riƙe, kullum da safe yana murɗa shi.