Kakin Soja a Hanyar Kuje

Tun ina yarinya, in ana wasan kwaikwayo ba na iya yin shiru, sai na riƙa gyara wa 'yan wasa magana daga inda nake zaune. Da aikin gwamnati ya kawo ni Abuja, aka ba ni gida a Garki, sai na tarar da wasu 'yan sakandare suna taruwa duk Asabar a gindin mangwaron bayan gidajenmu, suna kwaikwayon abin da suka gani a talabijin. Sati uku ina kallonsu ta taga. A na huɗu na kasa haƙuri, na sauko na ce, "Kai, wannan ai shirme ne. Ku bari in rubuta muku." Haka na zama Antinsu, kuma sun sha faɗa, don ni ba ni da haƙuri.

Akwai wasan da na rubuta a kan wani soja da ya dawo gida bayan shekara biyu a daji, ya kasa sakewa da kowa. Wanda na sa ya fito a sojan wani dogon yaro ne ɗan shekara sha shida. Babansa Bakano ne mai shagon atamfa a kasuwar Garki, kuma da ƙyar ya yarda. Ya ce, "Hajiya, amana na ba ki. Yaron nan ko tsawa aka yi masa sai jikinsa ya hau ɓari."

Gaskiya ya faɗa. Da an zuba masa ido sai ya sunkuyar da kai. Wata guda ina kansa. "Soja ne kai ko amarya? In tsoro ya kama ka, ƙame! Fito da ƙirji, kalli mutum cikin ido. Ko me aka ce maka kada ka amsa, kada ka motsa, sai uwarka ta yi magana." Haka wasan yake: sojan yana tsaye kamar icce har sai uwarsa ta ce ya zauna, sannan ya durƙusa. Na sa ya maimaita har ya zame masa jiki.

Wata makaranta a Kuje ta gayyace mu. Al'adarmu ita ce kowa ya sa kayan wasansa tun daga gida, don inda muke zuwa ba a samun ɗakin canja kaya. Kakin sojan a gwanjo na saya. Bindigar kuma kafinta ya sassaƙa mana, muka shafe ta da baƙin fenti. Wallahi mun saba da su har na daina ganin kaki da bindiga, kayan wasa kawai nake gani, kamar gemun audugar mai fitowa a tsoho.

Da hantsi bas ɗinmu ta iso shingen sojoji kafin shiga Kuje. Wani soja ya leƙo ta taga, ya ga yaron a kujerar baya cikin kaki, baƙin abu a kan cinyarsa. Ya yi tsalle baya ya ɗaga bindigarsa, ta gaske. Ya daka tsawa kowa ya sauko, hannu a ka.

Innalillahi. Yara goma sha ɗaya, 'ya'yan mutane, duk suka zube a bakin titi. Shi kaɗai ne bai zube ba. Ya sauko ya ƙame, ƙirji a waje, ya kafa wa sojan ido.

"Durƙusa!" in ji sojan. Bai motsa ba. "Wace bataliya kake? Wa ya ba ka kaki?" Shiru. Ogansu ya taso, wani mai furfura da Hausarsa ta barikin soja. Ya ce mini, "Kai madam, wannan yaro an koya masa. Dubi tsayuwansa." Sai na ji ƙarar da bindiga take yi in an ɗana ta.

Na buɗe baki ina cewa katako ne, wasa ne, ga takardar gayyata a jakata, amma ba wanda ya saurare ni. Na kira sunansa, na ce ya durƙusa don girman Allah. Bai ko kalle ni ba. Tsoro ne ya kama shi, kuma yana yin abin da na ce ya yi in tsoro ya kama shi. Fuskar babansa kawai nake gani a raina.

Yarinyar da take fitowa a uwarsa tana durƙushe kusa da ni, da ɗankwalin tsofaffi da hodar da muka zuba mata a gira. Tana kuka ta ɗaga murya, irin muryar tsohuwa da na koya mata: "Ɗana, ka iso gida. Cire hular nan ka zauna."

Ya cire hular. Ya durƙusa.

Ogan ya ɗauki bindigar katakon, ya ƙwanƙwasa ta a jikin bas, ya karanta takardar gayyatar. Ya sa yaron ya tuɓe kakin, ya bar shi da singileti. Sannan ya juyo kaina, ya wanke ni tas a gaban yarana, kuma yana da gaskiya. Ya ce saura ƙiris da yanzu wani labarin ake yi.

Ba mu ƙarasa Kuje ba, juyawa muka yi. Na koma kujerar baya kusa da shi, na lulluɓa masa mayafina don singileti kawai ke jikinsa. Ina ta neman yadda zan ce ya yafe mini. Mun kusa Garki ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Anti, na yi daidai ko? Ban sunkuyar da kai ba."