Ɗan Amshi a Bakin Turmina

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau ɗana na fari ya zama saurayi, kuma Allah ya ba shi murya. In ya ɗaga ta a bayan gidanmu na Bungudu, har masu ɗiban ruwa a rafi sai sun waiwayo. Dangin mijina makaɗan noma ne, don haka na tura shi wurin wan ubansa, tsoho mai ƙungiya, ya sa shi cikin 'yan amshi. Yaron ya riga ya ce in bai samu shiga ba aikin jirgi zai tafi, ni kuwa ba na so.

Tsohon ya saurare shi sau ɗaya, ya koro mini shi gida.

Na yafa zane na bi sawu. Na ce, "Baba, mi yaro ya yi?"

"Ba ya jin kowa sai kansa. Ku nawa ke daka a gidanku?"

"Ni da ƙanwata."

"To, ba shi taɓarya ya zama na uku."

Ni ba mai faɗa ba ce, amma dakan nan ya gwada ni. Lugude ba ƙarfi yake so ba: ka sauke taka, ka janye, ka bar wa na kusa da kai wuri. Shi kuwa sai ya faɗo lokacin da ya ga dama. Taɓare su gwabza, gero ya watse, kaji su yi biki. Har ya tsaga taɓaryar da na zo da ita gidan aure. Maƙwabta na leƙe ta kan danga, ƙanwata na cewa, "Sannu amarya, yaushe za a sa miki lalle?" Tsohon kuwa kullum da hantsi yana zaure yana saurare. Ya sha furata, ya goge baki, ya ce, "Da saura."

Ranar da taɓaren uku suka daidaita, ya shanye furar, ya tafi da yaron.

Da aka yi gayya a Karakkai, na bi mata masu kai fura don in ji ɗana. Ga shi tsaye cikin 'yan amshi, bakinsa na motsi. Na kasa kunne har manoma suka kai ƙarshen gona. Murya ɗaya nake ji, mai kauri, na kasa zare tasa daga ciki.

Na ce, "Baba, ban ji shi ba fa."

Ya ce, "Madalla. Ya zauna ke nan."

Yaro bai tafi aikin jirgi ba, na gode Allah. Amma ni na sha rana tun daga Bungudu, na koma ban ji ɗana ba, na kuma tarar da taɓaryata a tsage yadda na bar ta.