Mama Ta Ce Zauna

Ni na hana 'yata tsalle, da bakina. Tana da lalurar galahanga, kuma tun tana ƙarama, abu ya yi mata daɗi ko ya dame ta, sai ta tsaya a tsakar gida ta yi ta tsalle tana kaɗa hannu. Da ta kai shekara sha huɗu, matan gidan hayarmu a Gyaɗi-Gyaɗi suka fara bin ta da ido. Kunya ta kama ni. Kullum sai na ce, "Zauna mana, kin zama budurwa fa." Ita kuwa in ta riƙe magana ba ta saki. Ta zauna.

Shekara guda tana kan tabarma da waya a hannu. Ta yi ƙiba, shiga adaidaita sahu ma sai da haki. Ni fa ma'aikaciyar jinya ce. Wuni nake ina yi wa masu hawan jini faɗan motsa jiki, in dawo gida in tarar da aikin bakina. Na sayo igiyar tsalle, ta kalle ta, ta ce, "Mama ta ce zauna." Abin ya ci mini rai, don gaskiya ta faɗa.

Sai mahaifiyata ta zo daga ƙauye ganin likitan ido. Inna ba ta shan furar inji, wai ƙarfe take ji a ciki. Ta sa aka auno gero a kasuwar Tarauni, ta jawo turmin da na kife a bayan kicin, ta hau surfe. Yarinyar ta ajiye waya, tana bin sautin da kai. Inna ba ta lallashe ta ba, taɓarya kawai ta miƙa mata.

"Ungo, 'yar nan, hannuna ya gaji."

Yarinyar ta yi ta daka har gumi ya jiƙa mata riga. Washegari da kanta ta mirgino turmin. Rana ta uku na lura duk saukar taɓarya sai ta ɗaga diddige, har ƙafafunta suka fara barin ƙasa. Wata maƙwabciya ta leƙo, ta tsaya kallo. Yarinyar ta tsaya cak, ta juyo tana duban bakina.

Na ce, "Ci gaba."

A hankali ta maimaita, "Mama ta ce ci gaba," ta ɗaga taɓarya. Na shige ɗaki don kada ta ga hawayena ta zaci laifi ta yi.