Turmin Hajiya a Hanyar Aberdeen

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Cheetham Hill a Manchester, mahaifiyata ta zo daga Kano a duba mata ciwon baya. Tana cikin jinya sai ƙanwata da ke aure a Aberdeen, can ƙuryar arewacin Scotland, ta haihu. Haihuwar fari ce, kuma ba ta da kowa a garin sai mijinta. Hajiya na gama hamdala ta ce a ɗauko mata jaka. Na tuna mata cewa likitanta, wato GP, ya hana ta dogon zama. Ta dube ni ta ce, "To shi GP ɗin ne zai dama wa 'yata kunun kanwa?" Matar da ta yi wa 'ya'yan dangi jego ba adadi, ba za ta yarda tata ta yi ita kaɗai ba. So take ta isa kafin suna, da kayanta cif.

Ina da aboki a Handsworth, can Birmingham, akanta ne mai sanyin hali. Ya sayi a-kori-kura ya ɗora mata ɗan ɗakin kwana a baya, da gado da murhu, ya kuma haɗa mata ƙaramar tirela ta kaya. Kowane ƙarshen mako yana ƙarƙashinta da sifana. Mu kuwa tsiya muke yi masa, wai mutum ya baro ƙauye ya zo Ingila, ya koma neman kwanan daji. Ni ne kan gaba a tsokanar, don haka da nauyin baki na kira shi. Bai ko tuna mini ba. Ya ce, "Hajiya ta zauna gaba mu kwantar mata da kujera. In bayan ya gaji mu tsaya a services, wurin hutawar matafiya, ta shiga ɗaki ta miƙe."

Ya iso da hantsi, ya kwance tirelar a ƙofar gidana, ya wuce da motar a duba masa birki da tayoyi. Ashe labari ya zaga matan Manchester cewa mota za ta Aberdeen. Sai saƙo ya fara sauka: buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, katan ɗin sabulu, turamen atamfa. Ga kuma kayan Hajiya, gero da kanwa da kayan yaji da babbar tukunya, da turminta wanda ta sa aka biyo ta da shi tun daga Kano. Na yi lodi irin na tasha, wanda ya fara zuwa ya shige ciki, na ƙarshe ya tsaya bakin ƙofa. Masu nauyin kuwa su suka zo a ƙarshe. Na rufe ƙofar da gwiwa ina jin na yi aiki.

Da abokina ya dawo, ya sa hannu ɗaya ya ɗaga hancin tirelar, wato ƙarfen gaba da ake maƙalawa a ƙugiyar mota. Sai ya tashi sama kamar ba komai a ciki.

"Mutumina, wa ya yi wannan lodin?"

Na ce ni ne, har da ɗan murmushi.

"Sannu da ƙoƙari. Amma in muka hau babban titin motorway da nauyi a baya haka, tirelar za ta fara kaɗa wutsiya, sai ta kifar da mu duka."

Muka sauke komai a gefen titi. Ya aro sikelin banɗakin matata, ya auna kaya ɗaya bayan ɗaya. Masu nauyi ya jera su a ƙasa daidai kan tayoyi, marasa nauyi a sama, ya ɗaure kowanne da igiya har sai da ya girgiza shi bai motsa ba. Ya sa sikelin a ƙarƙashin hancin da guntun katako, ya matsar da buhu gaba kaɗan, ya sake aunawa. Ba ya gaggawa, ba ya mita. Na tsaya ina kallonsa, kuma wallahi ya burge ni.

A ƙarshe ya miƙe ya nuna mini ɗan allon ƙarfe a jikin tirelar, inda aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Mun kai iyakar, ga turmi da taɓarya a ƙasa ba su shiga ba. Motar ma da ɗakin da ke kanta ta kusa cika nata. Saƙon mutane kuwa ba a mayar da shi, abin kunya ne. Sai na ce, "Hajiya, ai akwai blender a can." Ta ɗora hannu a bakin turmin, wanda a cikinsa mahaifiyarta ta daka mata yajin jego lokacin da Hajiya ta haife ni. Can ta ce a hankali, "To a bar jakar tufafina. Zanen jikina ya ishe ni."

Abokina ya rusuna a gabanta ya ce, "Hajiya, ba abin da za a bari naki." Ya hau ɗakin ya fara sauko da nasa: ɗan janareta, tukunyar gas ta biyu, kujeru, rumfar da ya daɗe yana ɗokin gwadawa. Ya buɗe tankin ruwa ya zubar da fiye da rabi. Sannan ya naɗe turmin a bargonsa, ya kwantar da shi a tsakiyar ɗakin ya ɗaure. Ya maƙala tirelar, ya sa mata igiyar birkin tsaro, ya tsayar da ni a baya ina ihun "ta kama" duk fitilar da ya kunna.

Tafiyar ta yi tsawo, don da Hajiya ta motsa a kujera sai ya nemi wurin tsayawa tun kafin ta yi magana. A tsaunukan Scotland iska ta yi ta bugunmu, manyan motoci na wuce mu, ina ta leƙen madubi. Tirelar ko gezau.

Mun isa ana gobe suna. Flat ɗin ƙanwata a saman bene yake, ba halin daka a kan maƙwabta, don haka a wurin ajiye motoci aka kafa turmin. Hajiya ta zauna a matakalar ɗakin motar tana ba da umarni, ni da abokina muna karɓeɓeniya da taɓarya tana kushe mana riƙo. Da na ɗaga kai sai na ga ƙanwata a taga da jaririya a kafaɗa, tana kuka. Daga baya ta ce mini tun da ta haihu ba ta ji tana da uwa a kusa ba sai da ta ji ƙarar dakan nan.

Har yau in na tuna, ba iya aunawarsa ce ta fi tsaya mini a rai ba, ko da yake ita ta kai mu lafiya. Ni da Hajiya ta haifa na kalli turmin na ga nauyi kawai. Shi kuwa fuskarta ya kalla, ya sauke nasa kayan.