Waken da Kawu Ya Ƙi Takawa

Duk tsawon raina ba zan manta da ranar da na raka kawuna kasuwar Mubi ba. Daga Mugulbu muka taso, kowa a kan kekensa, shi a gaba ni a baya.

Kawu mutum ne mai ladabi, har abin ya yi masa yawa. Ko a titi haka yake, sai ya lafe can bakin kwalta, tayarsa na shafar ƙasa, wai kada ya takura wa masu mota. Ni ma a lokacin na ɗauka hakan ne daidai.

Lokacin kaka ne, kuma a wajenmu bakin kwalta wurin shanya ne da kaka. Muna shan wata kwana sai ga wake an baza, wata mata na zaune a gefe tana korar awaki. A bayanmu kuwa babbar motar shanu ce ke tahowa, dukanmu muna jin rurinta. Amma mutumin da ko ƙwayar dawa ya gani a ƙasa sai ya tsince ta, ba zai bi ta kan abincin mutane da taya ba. Bai waiwaya ba, bai miƙa hannu ba, kawai ya karkato cikin titi.

Direban ya yi iya ƙoƙarinsa, duk da haka gefen motar ya shafi keken. Kawu ya faɗi, ƙafarsa ta karye a cinya. Matar ta taso a guje tana tattaka waken nata, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, me ya sa ba ka taka ba? Wake ne fa, sai in share in sake shanya."

Kawu yana cije haƙora ya ce, "Abinci ne, 'yata."

Ya warke da ɗingishi. Keke dai ya bar shi har abada, gonarsa ta nesa ma wani ya ba wa.

Ban taɓa ganin laifinsa don ya ƙi taka wake ba. Tun kafin kwanar aka yi kuskuren, domin wanda ya lafe a baki ba shi da wurin kaucewa sai gaban mota. Abin da na koya shi ne in hangi gaba, in waiwaya, in miƙa hannu, in kama wurina a titi tun da wuri. Direba ya yi ta danna hon idan ya ga dama. Gara ya zage ni yana ganina.