Ranar da Mai Aski Ya Zauna a Kujera

Lahadin farko bayan jana'izar maigidana, na shiga coci na tsaya ina kallon bencinmu. Shekara talatin da huɗu yana zama a gefena, shi ke buɗe mini lambar waƙa, domin karatuna bai yi nisa ba. Kafin in lalubo shafi an gama baiti na biyu. Ina zama sai ga wani dattijo gajere mai ƙamshin hoda ya zauna a gurbin. Da aka kira waƙa ya buɗe littafinsa ya miƙo mini, ya karɓi nawa. Muryarsa kuwa, Allah ya yafe mini, kamar ana jan kujera a kan siminti.

Mai Aski ke nan. Shagonsa na bayan tashar mota: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aure a nesa. Kowace Asabar da safe yakan rufe shago ya ɗauki jakarsa zuwa ɗakin bayan coci, inda ake ba masu kwana a titi abinci da ruwan wanka. Shi ya ja ni can. "Yaya, mai wanke tawul nake nema, ba sai da karatu ba."

A nan na ga yadda yake aiki. Mutum zai zo gashi ya dunƙule har da ƙwarƙwata, kowa ya san aske shi za a yi tas. Amma sai ya kakkaɓe kujera, ya ɗaura masa tawul, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wane iri za a yi?"

Na tambaye shi amfanin tambayar. Ya ce, "Wuni guda ana ce musu tashi, matsa, karɓi. Wa ke tambayarsu abin da suke so?" Ya ce shekararsa ta farko riƙe numfashi yake yi saboda wari, yana ganin Ubangiji na yaba masa daga sama. "Sai wata rana wani ya yi barci a hannuna kamar jariri. Kunya ta kama ni. Ashe Yesu yana kan kujerar, ni ina ta leƙen sama."

A shekararsa ta sha bakwai yana askin Asabar, hannunsa ya fara rawa. A kofin shayi na fara lura. Rufe shago bai dame shi ba, Asabar ce tsoronsa. "In na ajiye reza, Yaya, da me zan zo gaban Ubangiji? Wa'azi ban iya ba, waƙa kuma kin ji da kunnenki."

Cikin masu zuwa akwai wani dogo da ake kira Direba, wanda ya tuƙa babbar mota kafin giya ta raba shi da gidansa. Bakinsa ba linzami. Wata Asabar reza ta goce ta yanke shi a bayan kunne. Jini ya ɗiga a tawul. Mai Aski ya ajiye rezar, ya tsaya yana kallon hannunsa, idonsa ya cika.

"Kai tsoho, kunnen nan biyu kacal gare ni," in ji Direba.

Ba wanda ya yi dariya. Direba ya dubi hannun, ya dubi gemun Mai Aski da ya yi mako uku bai ga reza ba, don ko kansa ya daina iya yi wa. Ya tashi ya kakkaɓe kujerar.

"Zauna."

"Ni? A'a ɗana, aiki na zo yi."

"Dama an ce wanzami ba ya son jarfa. Zauna, Baba, layi na jira."

Mai Aski ya zauna a sandare kamar za a cire masa haƙori. Direba ya ɗaura tawul a karkace, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, wane iri za a yi?"

Ni ke riƙe da kwanon ruwa. Direba ya bi gemun a hankali kamar mai tuƙi cikin taɓo, ko ƙwarzane bai yi masa ba. Tsohon ya rufe ido, leɓensa na motsi.

Bai sake riƙe reza ba har ya rasu bara. Amma bai fasa Asabar ba. Yana gefe yana koya wa Direba, suna ta faɗa a kan kumfar sabulu.

Ranar da Direba ya aske masa gemun, a hanyar gida Mai Aski ya tsaya ya shafa haɓarsa, ya ce, "Yaya, ki sa ni a addu'a. Kada ki roƙa mini hannun nan, ya gama aikinsa. Ki roƙi Ubangiji ya koya mini zama a kujera ban yi gardama ba. Ya fi aski wuya."