Sunan Bature a Iƙamar Baba

Ko yau na wuce injin niƙa na ji ƙamshin garin alkama mai ɗumi, sai in tuna kakata, mahaifiyar Baba, zaune a falonmu na unguwar Utaiƙa a Riyad, ta ƙi kujera, ta miƙe ƙafa a ƙasa.

Kada ka yi mamaki, sunan gidanmu na Turawa ne. A yarensu ma'anarsa mai niƙan alkama, don su ma da sana'a suke kiran mutum, yadda muke cewa gidan maƙera ko gidan majema. An ce a ƙasarsu masu sunan ba su ƙirguwa, kowane ƙauye da nasa. A wajenmu kuwa gida ɗaya ne tak. Kakan Baba ne ya zo da shi. Haƙar kuza ta kai shi Jos, ya auri Bahaushiya, ya musulunta, 'yan'uwansa Turawa suka daina ko amsa gaisuwarsa.

A shekarun tamanin Baba yana aikin injiniya a Riyad. Da iƙamarsa ta fito, wato takardar zama, sai ga ta da bango ruwan ƙasa. A lokacin ta Musulmi koriya ce, ruwan ƙasa ta waɗanda ba Musulmi ba. Wani a ofis ya ga sunan ya yanke hukunci, bai tambayi kowa ba. Baba ya kai kuka, aka yi ta ce masa bukra inshallah, wato sai gobe.

Ana cikin haka kakata ta iso domin aikin Hajji, cikin zafin nan da ko ruwan famfo sai ka bari ya huce kafin ka yi alwala. Baba ne muharraminta, ba kuma a wuce shingen Makka da irin iƙamarsa.

Sai ga mai bin wa kamfanin su Baba takardu, wani Bahaushe haifaffen can, ya zo gida da dabara.

"Iya, mas'ala ce ƙarama," in ji shi. "A cire sunan Nasaran nan, a bar na mahaifinsa, kalas, shi ke nan, kun kama hanya."

Na ga Baba ya sunkuyar da kai, na san ya yarda. Kakata ta dubi mutumin sama da ƙasa.

"Mai sunan nan surukina ne. Ni na dama masa kunun da ya sha na ƙarshe, da kalmar shahada a bakinsa ya cika. Danginsa sun goge shi, ba da hannun jikansa za a sake gogewa ba."

"Inna, Hajjin fa?" Baba ya ce a hankali. "Ga shekaru."

"Wanda ya yi kuskure shi zai gyara. Su canza bangon, su bar sunan."

Ba su canza a kan lokaci ba. Ranar Arfa a talabijin ta kalla, tana azumi, sanye da fararen kayan da ta ɗinko tun daga gida. Hawaye na zuba, amma ko sau ɗaya ba ta ce da na sani ba. Koriyar iƙamar ta fito bayan ta koma, da sunan a cike. Kafin wani Hajjin ya zagayo ta rasu, ba a taɓa kiranta Hajiya ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu iƙama ɗan kati ne, babu bango balle launi. Amma har gobe akan samu mai ba ni shawara in sauƙaƙa wa yarana, in sauke musu sunan, wai yana jawo tambaya a filin jirgi. To, a yi ta tambaya. Nakan faɗe shi da ƙarfi, in an so in maimaita, don na san abin da tsohuwar nan ta bari a kansa.